Man birki: canza shi ake yi, ko ƙarawa kawai?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana mota. Corolla nake hawa, ƙirar 2008, 'yar Kwatano, ta ɗan kwana biyu a hannuna. Jiya na kai ta juye, sai makaniken ya buɗe ɗan tankin man birki ya ce wai man ya mutu, a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo. Na leƙa, na ga lallai ya yi duhu kamar ruwan bunu. Amma birkina yana kamawa lafiya ƙalau, ba ya kuka, ba ya ja gefe. Ni dai a iya sanina ƙarawa ake yi idan ya ragu. Don Allah da gaske ana canza man birki, ko dai wata hanyar tatsar aljihuna aka samo?

Baba_504:
Wa alaikumus salam. Yaro, rufe bonet ɗinka ka kama gabanka. Na tuƙa Fijo 504 tun kafin a haifi wasunku, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Maiduguri, ban taɓa zubar da man birki da gangan ba. In ya ragu a ƙara, shi ke nan. Kanikawan yanzu in ba su ga abin gyara ba sai su ƙirƙiro.

Oga_Sale_Makanike:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ka canza shi sau ba adadi, ba ka dai lura ba ne. Wata nawa 504 ta haya take yi ba a kwance mata kit ɗin masta, wato famfon birkin da feda ke turawa, ko na taya ba? Duk ranar da aka canza roba aka yi bilidin, wato aka tsiyaye mai ta wajen taya don fitar da iska, tsohon mai ya bi ƙasa, sabo ya shiga. Motocin yanzu kuwa sai su shekara goma ba su yi yoyo ba, don haka man da aka zuba tun a Turai ko Amurka shi ne yake zaune a ciki har yau. Malam Abban Hanifa, makanikenka bai cuce ka ba.

Baba_504:
To ai dama ba za ka ƙi bayan ɗan'uwanka ba.

Injiniya_Bash:
Bari in ɗan yi bayanin dalilin, don ba maganar launi ba ce kawai. Man birkin da yawancinmu muke amfani da shi, DOT 3 da DOT 4, yana da wata ɗabi'a: yana zuƙar danshi daga iska. Ruwa yana shigarsa kaɗan-kaɗan ta ɗan ramin numfashi na murfi, ta jikin tiyon roba da ke zuwa kowace taya, da kuma duk lokacin da aka buɗe murfin. Ko motar tana ajiye ba a hawa, wannan aikin bai tsaya ba.

Illar ruwan ita ce yana sauko da zafin da man zai iya jurewa kafin ya tafasa. Ma'aikatar sufurin Amurka ce ta kafa ma'aunin, daga sunanta ma aka samo wannan DOT ɗin. Sabon DOT 3 dole ya jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, abin da ake nema a wurinsa digiri 140 ne kawai. DOT 4 daga 230 yake faɗowa 155. Birki kuwa aikinsa ke nan, mayar da gudu ya zama zafi. Idan zafin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a taya, ya kai man ya tafasa, tururi ya samu a cikin bututu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka yake isa taya. Tururi yana matsuwa. Sai ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota tana tafiyarta.

Shi ya sa "birkina yana kamawa lafiya" ba hujja ba ce. A cikin gari daga danja zuwa danja ba za ka taɓa kai shi wannan zafin ba.

Sadiq_KD:
Injiniya, na ji lissafinka, amma wannan lissafin mutanen da ruwan sama ke dukansu shekara duka ne. Mu nan Arewa wane danshi muke da shi? Wata biyar zuwa shida leɓenka ma tsagewa yake yi saboda bushewa. In ɗan Legas ko Fatakwal ya ce zai canza duk shekara biyu na yarda, amma ɗan Sakkwato fa?

Injiniya_Bash:
@Sadiq_KD akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, a busasshen wuri man ya fi jinkirin shan ruwa. Sai dai ruwan da ya sha a watan Agusta ba ya amayar da shi a watan Janairu. Tarawa yake yi, damina bayan damina. Sannan ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai sinadaran hana tsatsa da ake haɗawa a cikin man, su ma ƙarewa suke yi da daɗewa da zafi, kuma zafi dai ba a fi mu shi ba.

Dan_Maradi:
Mu nan Maraɗi mun fi ku bushewa, amma ku tuna daga ina motocin suke zuwa. Motar ta yi shekaru a ƙasar sanyi da ƙanƙara, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a filin sayar da motoci a Kwatano bakin teku, kafin a koro ta Arewa. Wanda ya sayar da ita can kuma ba zai kashe kuɗi a kan motar da zai rabu da ita ba. Ni duk motar da ta shigo hannuna, ranar da na zubar da baƙin mai ranar nake zubar da na birki. Daga nan sai in fara nawa lissafin.

Direban_Jos:
Malam Sadiq, zo ka bi ni Hawan Kibo wata rana, za ka daina wannan musun. Bas nake ja tsakanin Jos da Akwanga. Akwai ranar da na ɗauki motar wani abokin aiki, cike da fasinja, buhunan dankali a but. Muna gangarowa, wata tirela a gabana tana rarrafe, babu damar wucewa, ƙafata tana kan birki tun daga sama. Sai na ji fedar tana ƙara nisa. Na taka, ta nutse rabi. Na sake takawa, ta taɓa ƙasa, babu komai a ƙarƙashin ƙafata. Na yi ta famfo, na danna ta giya biyu, injin ya yi ihu, na riƙa jan hanbirki a hankali ina riƙe da maɓallinsa, har Allah ya sa na samu gefen da na kwantar da ita. Wata tsohuwa a bayana salati kawai take yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bayan mun sauka. Na duba ƙarƙashi, ko ɗigo babu. Tanki cike yake da mai. Muka zauna tayoyi suka huce, na shiga na taka, birki ya dawo daram. Da wani aka ba labari sai ya ce aljanun hanya ne. Da muka isa gareji aka sassauta notin taya ta gaba, abin da ya fito baƙi ƙirin ne har da gudaji.

Malam_Tanimu:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa. Wannan hanya ta ci mutane da yawa.

Gwani_Panteka:
Direban Jos, alhamdu lillahi da kuka tsira, amma kada a ɗora wa mai laifin duka. Mai bas cike da kaya ba ya sauka Hawan Kibo da ƙafa a kan birki, da giya ake sauka, injin ya riƙe motar, birki sai jefi-jefi. Ko yau ka zuba sabon mai, in ka ɗora ƙafa tun daga sama takalman birkin za su gasu su daina kamu. Bambancin kawai, idan takalmi ne ya gasu fedar tana nan da tauri, ka taka iya ƙarfinka mota ba ta tsayawa, ga wari. Idan mai ne ya tafasa, fedar ce take nutsewa.

Direban_Jos:
Oga Gwani, na san da giya ake sauka, a nan na tsufa. Amma tirela ta tsare gaba, motoci suna hawowa a ɗaya hannun, ka ce kada in taka birki? Irin wannan ranar ake ajiye wa mai mai kyau.

Maman_Ilham:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni jar fitilar birki ce ta riƙa kawowa a dashbod, musamman in na sha kwana. Yaron wani gidan mai ya duba ya ce man ya yi ƙasa, ya cika min shi har wuya. Fitila ta mutu, na ji daɗi. Bayan 'yan makonni birki ya fara ƙara, aka canza min takalman gaba, sai ga mai ya tumbatso daga tankin ya zubo. Yanzu wurin da ya bi duk fentin ya kumbura yana ɓarewa. Laifin wa ke nan?

Oga_Sale_Makanike:
Hajiya, kusan na kowa. Man birki ba fetur ba ne, mota ba ta shansa. In ya ragu, ɗayan biyu ne: ko takalmi ya cinye, fistin ya ƙara fitowa, mai ya bi shi ya cike gurbin, ko kuma akwai inda yake yoyo. Fitilar nan tana gaya miki ne a duba takalmi, yaron ya toshe mata baki da mai. Da aka zo sa sabon takalmi aka tura fistin baya, man ya koma sama ya tarar an cika gidansa. Wanda ya canza takalmin shi ma ya kamata ya leƙa tanki ya zuƙe kaɗan kafin ya tura. Kuma da an watsa ruwa nan take da fentin bai tashi ba, don man birki yana bin ruwa. Gogewa da busasshen tsumma ƙara shafa shi ne kawai.

A jikin tankin akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Muddin yana tsakaninsu, a bar shi. In kuwa kin ƙara yau, jibi ya sake sauka, kada motar ta fita sai an gano inda yake bi. A duba bayan tayoyi ta ciki, a duba tiyo, a duba ƙarƙashin masta.

Maman_Ilham:
Na gode Oga. Ashe ni da kaina na biya kuɗin ɓata fentina.

Abban_Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, ina biye. To a taƙaice duk shekara nawa? Kuma yaya zan gane makaniken ya yi aikin da gaske, ba zuƙe na sama ya yi ya zuba sabo ba?

Injiniya_Bash:
Littafin motarka shi ne alƙali. Yawancin motocin Turai, irin su Marsandi, shekara biyu suke cewa. Honda ta daɗe tana cewa shekara uku, komai ƙarancin tafiyar da motar ta yi. Toyota kuwa abin da take rubutawa ya danganta da ƙasar da aka yi motar dominta. In babu littafi, ka riƙe shekara biyu zuwa uku. Tunda ba ka san ranar da aka zuba wanda ke ciki ba, kai taka ta riga ta wuce lissafi.

Oga_Sale_Makanike:
Tambayarka ta biyu ita ce mai muhimmanci, don wannan ha'incin ana yin sa. A sa sirinji a zuƙe na tanki, a zuba sabo, ka leƙa ka ga fari tas, ka biya. Alhali lalataccen yana can ƙasa cikin kalifa, inda zafin yake. Ka tsaya a kan motarka ka ga an taɓa tayoyi huɗun.

Ga yadda muke yi. Da farko a goge murfin da kewayensa kafin a buɗe, kada ƙasa ta faɗa. A zuƙe tsohon man tanki, amma ba har ƙasa ba, a cika da sabo. Sai a je taya. A bayan kowace kalifa akwai ɗan ƙaramin noti mai rami, da hular roba a kansa. A sa masa sufana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10, a cusa siririn tiyo mai nuna ciki a bakinsa, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai a ƙasanta. Mutum ɗaya yana cikin mota. Ka ce masa "famfa", ya taka sau uku ko huɗu a hankali. Ka ce "riƙe", ya danne. Ka sassauta notin kaɗan, mai ya fito, fedar ta sauka, ka ɗaure, sannan ka ce "saki". In ya saki kafin ka ɗaure, iska ta koma ciki, aikin ya dawo sabo. Haka za a yi ta yi har abin da ke bin tiyon ya zama fari, babu kumfa ko ɗaya. Kuma ido yana kan tanki, ana ƙarawa, don in ya ƙafe masta ta sha iska, ranar ba za ka ci abincin rana da wuri ba.

A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato baya ta hannun dama, sai baya hagu, sai gaba dama, a ƙare da ta direba. Lita ɗaya takan isa ƙaramar mota. In an gama, ka taka birki motar tana tsaye, fedar ta tsaya da tauri kada ta riƙa zurarewa, ka gwada a hankali cikin layi kafin ka hau titi.

Sadiq_KD:
Oga Sale, wannan jerin naka ba na kowa ba ne. Accord ɗina littafinta cewa ya yi a fara da gaba ta hannun direba, a zagaya gaba dama, baya dama, a ƙare a baya hagu.

Oga_Sale_Makanike:
Shi ya sa na ce "yawancin". Karanta da kyau, Malam Sadiq.

Gwani_Panteka:
Ƙari a kan na Oga Sale: a tsohuwar mota, ku sa guntun katako a ƙarƙashin fedar kafin a fara. Shekara da shekaru fistin masta yana kai-komo a ɗan wuri ɗaya, can gaba inda ba ya isa tsatsa da datti sun taru. Ranar bilidin sai yaron shago ya danna feda har ƙasa da ƙarfin tuwo, robar ta bi ta kan tsatsar ta yage. Mai mota ya zo da birki lafiya, ya tafi da masta mai zurarewa, ya ce man da aka zuba ne ba shi da kyau. Daga irin wannan ne mutane suke tsorata da canza mai.

Baba_504:
Yauwa! Kun gani ko? Abin da yake zaune lafiya a bar shi ya zauna lafiya.

Gwani_Panteka:
Baba, ba haka na ce ba. Tsatsar ma ai tsohon man ne ya kawo ta.

Auwal_Turbo:
Ni fa duk wannan dogon zancen bai dame ni ba. DOT 5 zan nema in zuba, tunda ya fi 3 da 4, kuma na ji ba ya shan ruwa sam. An huta.

Injiniya_Bash:
Auwal, don girman Allah kada ka yi. Lambar ba matakin daraja ba ce kamar ajin makaranta. DOT 5 wani jinsi ne daban, da silikon ake yin sa, galibi launinsa shunayya, kuma ba ya haɗuwa da 3 ko 4. Gaskiya ne ba ya zuƙar ruwa, amma ruwan da ya samu shiga sai ya taru wuri ɗaya a ƙasa, ya ci ƙarfe, kuma shi ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. Sannan yana riƙe ƙananan kumfa, abin da ya sa ba a zuba shi a motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Wanda ake rikita shi da shi shi ne DOT 5.1. Wannan ɗan gidan su 3 da 4 ne, yana haɗuwa da su, sabonsa yana jure digiri 260. Ɗigon nan da ɗayan da ke bayansa su ne bambancin.

Auwal_Turbo:
Tabɗi. Wanda ya raɗa sunayen nan bai kyauta wa jama'a ba.

Oga_Sale_Makanike:
Tunda an zo nan, mafi muni da nake gani a gareji shi ne a zuba man sitiyari ko man giya a tankin birki, don wani ya ce ai duk mai ne. Robobin birki ba sa shiri da man da aka samo daga fetur. Kumbura suke yi su yi laushi, birki ya riƙe taya ko ya shanye gaba ɗaya. In hakan ta faru bilidin ba ya magani, duk wata roba da man ya taɓa sai an canza ta, daga masta har tiyo. Ko mazurarin da aka zuba baƙin mai da shi kada a kusanto da shi.

Dan_Kamasho:
Mu a tasha ruwan omo muke kaɗawa mu zuba in mai ya tsiyaye a daji, kuma yana kai mu gida.

Direban_Jos:
Yana kai ku gida a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kada ka gwada shi a tamu.

Injiniya_Bash:
Duk zancen da muke yi tun safe a kan ruwa kashi uku ne cikin ɗari, kai kuma ka zuba ɗari bisa ɗari, da fasinja a ciki. Kuma in mai ya tsiyaye ai rami ne a wani wuri, ruwan omon ma ta nan zai bi.

Ummi_Nas:
Ni ba ruwana da mota, mijina ne ya sa ni a zauren nan, amma tunda ana maganar man birki bari in roƙi arziki. Ku daina zuba shi a ciwo. Muna ganin masu zuwa asibiti sun shafa shi a yanka, a ƙuna, a makero, har da mai ɗiga shi a ramin haƙori. Zafin da yake yi ba alamar yana aiki ba ce, naman wurin yake ci. Kuma guba ne in aka haɗiya, ƙoda yake kamawa. Wasu nau'o'insa suna ɗauke da dayetilin gilaikol, sinadarin da ya gurɓata wani maganin fitar haƙoran jarirai a Najeriya a 2008 yara da yawa suka rasu. Wanda kuka tsiyaye a gorar ruwa ko ta lemo, kada ku ajiye shi inda yaro zai gani ya ɗauka.

Malam_Tanimu:
Allah ya saka da alheri, Malama. Wallahi a unguwarmu har yau ana yi, musamman masu wankin mota da 'yan acaɓa.

Dan_Kamasho:
Ni dai ya taɓa warkar min da ƙyasbi.

Shugaban_Zaure:
Dan Kamasho, ka ji abin da ma'aikaciyar lafiya ta ce. A dawo kan mota don Allah.

Abban_Hanifa:
Na je na duba murfin kamar yadda wani ya turo min ta gefe. An rubuta DOT 3. Amma shagunan da na leƙa a Ƙofar Ruwa DOT 4 ya fi yawa. In saya ko in ci gaba da nema? Sannan akwai ragowar wata gora a but ɗina tun bara, rabi, zan iya haɗawa da ita?

Oga_Sale_Makanike:
Inda aka rubuta 3, in an sa 4 ba matsala a yawancin motoci, mu muna yi kullum. Inda aka rubuta 4 ne ba a komawa 3. Ta but ɗin nan kuwa ka manta da ita. Tun ranar da aka fasa hatiminta take shan iska, ga zafin but. In ka karanta murfin naka har ƙarshe za ka ga an ce daga rufaffiyar gora. Sayi ƙananan gorori daidai aikinka, ka duba hatimin bakin da idonka, kuma a buɗe a gabanka. Kada ka yarda da na tsiyaye da ake aunawa a kwalba, komai arharsa.

Gwani_Panteka:
Ni a nan na ɗan saɓa da Oga Sale. In ana samun abin da aka rubuta a murfi, a sa shi. Waɗanda suka ƙera motar da shi suka gwada robobinsu. DOT 3 bai ɓace a kasuwa ba, a ƙara tambaya shago biyu gaba.

Sadiq_KD:
Har yanzu dai ban gamsu da maganar shekara biyu ba. Akwai ɗan abin gwaji mai kama da biro, ana tsoma bakinsa a tanki ya nuna yawan ruwan da fitilu. In ya nuna kashi 1, me zai sa in zubar da mai lafiyayye don kalanda ta ce? Ni gwaji zan riƙa yi, in ya kai 3 in canza.

Injiniya_Bash:
Ya fi zato da ido, wannan na yarda, don launi yana ruɗi: wani man ya yi duhu saboda robar tiyo amma ruwansa kaɗan ne, wani yana nan garau alhali ya sha ya ƙoshi. Amma biron nan ba tafasa man yake yi ba, yadda lantarki ke ratsa shi yake aunawa ya yi kirdado, kuma sinadaran kowane kamfani daban ne, sai ya ba ka amsa biyu a kan mai iri biyu masu ruwa ɗaya. Na'urar da ta fi gaskiya ita ce mai dafa ɗan man ta gaya maka a digiri nawa ya tafasa. Sannan wanda aka yi ta ƙara masa sabo a sama, tankinsa zai nuna lafiya, na cikin kalifa kuma ba wanda ya tambaye shi. Ga kuma akwatin ABS, da ƙananan bawuloli a ciki waɗanda tsatsa kaɗan ke maƙalewa. Je ka tambayi kuɗin na Belgium ka kwatanta da kuɗin lita ɗaya ta mai.

Sadiq_KD:
To sai in tsiyayi kaɗan daga taya in gwada wannan. Ba dai zan zubar da mai don tsoro ba.

Maman_Ilham:
Oga Sale, wannan ABS ɗin da ake ta faɗa, tawa tana da shi. Bilidin ɗin gargajiya zai yi mata, ko sai an kai wurin masu kwamfuta?

Oga_Sale_Makanike:
Hajiya, in canjin mai ne kawai kuma ba a bar tanki ya ƙafe ba, na ƙafa ya wadatar a yawancinsu. In iska ta shiga akwatin ABS ɗin, ko an canza shi, to wasu motocin sai an jona kwamfuta ta kunna famfonsa ta buɗe bawulolin kafin iskar ta fita. Alamar ita ce an yi bilidin an sake yi, feda tana nan lagwaf. Kuma ki ce a fesa wa notocin nan maganin tsatsa tun kwana ɗaya kafin aikin. Wanda ya shekara goma ba a taɓa shi ba, in aka yi masa ƙarfi karyewa yake yi a cikin kalifa.

Dan_Maradi:
Masu mota mai kuloci kada su manta, a motoci da yawa man birkin ne a kulocin ma, wasu tanki ɗaya suke sha, wasu da ɗan nasa a gefe. Shi wannan ba mai tuna shi sai ranar da giya ta ƙi shiga.

Baba_504:
Ku dai ku yi ta zubar da kuɗinku. Tawa tana nan a ƙofar gida, in ta yi yoyo Sale zai gan ni.

Isiya_Mai_Keke:
Salamu alaikum, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Mu masu Adaidaita Sahu abin ya shafe mu? Birkin ƙafa na keken da nake ja sai na taka sau biyu yake kamawa.

Oga_Sale_Makanike:
Ya shafe ku, birkin mai ne da ku. Amma taka sau biyu ba tsufan mai ba ne, ko iska ce a layi, ko takalman sun yi nisa da ganga suna son a matso da su, ko robar masta ta fara tafiya. Kada ka ɗauki fasinja da shi haka. Ka leƙa bayan tayoyin baya ka gaya min ko akwai jiƙa.